Kaisar da Allah a aji ɗaya: Yadda makarantun Kirista a Arewa ke koyar da darasin mulki

A jarrabawar kammala sakandare, idan aka tambayi ɗalibi wa ke da ikon ƙasa a Najeriya, amsa ɗaya ce za ta kawo masa maki: jama'a. Haka sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, cewa iko na 'yan Najeriya ne, kuma daga hannunsu gwamnati ke samun duk wani hurumin da take da shi.

Amma ɗalibin da ke makarantar mishan a Gindiri ko Kagoro ko Numan, mai yiwuwa da safiyar ranar an karanta masa sura ta 13 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa a wurin addu'ar safe. Abin da surar ke koyarwa shi ne mulki daga Allah yake, kuma wanda ya bijire wa hukuma, da tsarin Allah yake ja.

To wanne yaron zai riƙe? Na safe, ko na takardar jarrabawa?

Wannan ce tambayar da ke gaban duk malamin da ke koyar da darasin harkokin gwamnati, ko na sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa wanda yara ke kira Sibik, a makarantun da coci-coci ke gudanarwa a Arewa. Yaran da ke aji shida na sakandare shekara ɗaya ko biyu ta rage musu su isa yankar katin zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Abin da aka zuba wa waɗannan yara a ka game da gwamnati shi zai nuna ko za su fito, da kuma abin da za su fito nema.

Hanyoyi biyu da suka fito daga ajin mishan

Turawan mishan na farko ba su zo da niyyar koyar da siyasa ba. Na SIM sun iso a 1893, na SUM a 1904, kuma da yawansu suna ganin siyasa a matsayin harkar duniya da ke shagaltar da mai bi. Gwamnatin mulkin mallaka kuma ta taƙaita musu shiga manyan masarautun Musulmi, shi ya sa makarantunsu suka fi yawa a Filato da Binuwai da Adamawa da kudancin lardin Zariya.

Sai dai makaranta ba ta tsayawa inda mai ita ya so. Yaron da ya iya karatu, ya ga yadda ake zaɓen dattawan ikilisiya, ya ga ma'aji yana karanta lissafin baiko a gaban jama'a, ya riga ya fara koyon mulki ko da ba a kira shi da wannan sunan ba.

Daga wannan aji hanyoyi biyu suka fito.

Ta farko ita ce ta Wusasa, unguwar da mishan ɗin CMS na Dakta Walter Miller ya koma a 1929 daga cikin birnin Zariya. Daga wannan al'umma Dakta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Mutane da yawa ba su san cewa shi, Kirista, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa ba, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC a 1951. A Wusasa Yakubu Gowon ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma ya bi ta makarantar. Darasin waɗannan mutane shi ne a shiga cikin jama'a a yi da kowa.

Ta biyu ita ce ta Fasto David Lot, mutumin SUM daga Filato, wanda ya jagoranci ƙungiyar ƙananan ƙabilun tsakiyar ƙasa a shekarun 1950, tafiyar da daga baya ta zama UMBC ta su Joseph Tarka. Su nasu darasin shi ne a haɗa kai a kare kai, domin suna ganin idan Turawa suka tafi ba za a ji muryarsu ba. Tsoron nasu ba na banza ba ne, tunda shi da irinsa a wasu yankuna ne suka sa aka kafa kwamitin Willink a 1957 don sauraron koken ƙananan ƙabilu.

Har yau hanyoyin nan biyu suna nan a cikin aji, wani lokaci ma a bakin malami ɗaya.

A farkon shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan. St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena. An kafa ƙungiyar CAN a 1976. Sai muhawarar Shari'a a majalisar tsara kundin mulki a 1978, sai batun shigar Najeriya ƙungiyar OIC a 1986. Bayan waɗannan, da wuya ka ƙara jin fasto yana cewa siyasa ƙazanta ce a guje ta. Da coci-coci irin su ECWA da COCIN da Katolika da Baptist da LCCN da EYN suka sake buɗe makarantunsu masu zaman kansu, da sabon tunani suka dawo.

Rigimar 2017

A manhajar da aka fara aiki da ita a 2014, hukumar tsara manhaja ta NERDC ta tara darussa biyar a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna addini da ɗabi'un ƙasa: darasin addinin Kirista, na addinin Musulunci, nazarin zamantakewa, Sibik da ilimin tsaro. Manufar, in ji hukumar, rage wa yara yawan darussa ce.

A 2017 maganar ta fashe. Shugabannin CAN, ƙarƙashin Rabaran Samson Ayokunle, suka kai kuka wurin muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo cewa ana neman narkar da darasin addinin Kirista. Ma'aikatar ilimi ta Malam Adamu Adamu ta musanta cewa an cire shi. Majalisar Wakilai ta sa baki, kuma a ƙarshe aka ba da umarnin a ware darussan addini biyu, kowanne ya tsaya da ƙafarsa.

Kowa ya koma gida da nasa. Amma a ganina bangon littafin aka yi wa faɗa, ba a cika leƙa cikinsa ba. Sibik ya ci gaba da zama darasin hadda: a lissafo rassan gwamnati uku, a kawo ma'anar dimokuraɗiyya, a ambaci illolin ƙungiyoyin asiri, a karɓi maki. Darasin addini kuma yana can gefe, ana zana taswirar tafiye-tafiyen Bulus, ba a tambayar abin da ya haɗa shi da haraji ko ƙuri'a. Makarantar mishan ce kaɗai ke da 'yancin gina gada tsakanin biyun, tunda sashe na 38 na kundin mulki ya ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya.

Abin da ke hannun malami

Malamin da ya san aikinsa ba ya rasa kayan aiki, don Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, cike yake da labarin sarakuna da masu gaya musu gaskiya.

A fara da surar Romawa ɗin kanta. Bulus ya rubuta ta ne a zamanin Neron, sarkin Roma wanda tarihin ikilisiya ya ce a mulkinsa aka kashe shi. Surar da ta ce a yi wa mai mulki biyayya, ita ce kuma ta kira shi bawan Allah da aka sa domin amfanin jama'a. Daga nan malami ke samun hanyar sasanta ta da kundin mulki: asalin iko na Allah ne, amma a jamhuriya ta hannun jama'a yake bi, wanda aka ba kuwa ɗan aike ne. Sashe na 14 ɗin nan dai shi ne ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Gabatarwar kundin ma ta ambaci cewa ƙasar tana ƙarƙashin Allah. Mai karatu Musulmi zai gane wannan tunani nan take, domin da kalmar amana yake kiransa.

Sannan akwai sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni, inda majalisa ta hana Bitrus da 'yan uwansa wa'azi, suka nuna cewa idan umarnin mutum ya ci karo da na Allah, na Allah za su bi. Malamin da ya karanta wa yara Romawa 13 ya tsallake wannan, rabin darasi ya ba su. An ga inda hakan ke kaiwa. A Afirka ta Kudu masu goyon bayan mulkin wariyar launin fata sun daɗe suna fakewa da wannan sura, har a 1985 wasu malaman tauhidin Kirista suka fitar da takardar da aka fi sani da Kairos suna ƙaryata wannan fassara. A Yuganda kuwa, Akbishop Janani Luwum ya kai wa Idi Amin takardar koke kan kashe-kashe, aka kashe shi a Fabrairun 1977.

Labarin da na fi ganin ya dace da ajin Sibik shi ne na Bulus da sojojin Roma a Urushalima. Sun ɗaure shi za su yi masa bulala, sai ya tambaye su ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba. Nan take suka ja da baya. Daga baya, da ya ga ba zai samu adalci ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Manzo ne, amma ya san haƙƙinsa a dokar ƙasa kuma bai ji kunyar nemansa ba. Malami zai iya tashi daga nan kai tsaye ya buɗe babi na huɗu na kundin mulki, ya nuna wa yara sashe na 35, wanda ya ce idan an kama mutum a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa. Yaro ɗan Tudun Wada a Jos da ya riƙe wannan ya ƙaru da abin da ya fi maki.

Haka labarin gonar inabin Nabot, wadda Sarki Ahab ya yi sha'awa, matarsa Yezebel ta shirya shaidun zur aka kashe mai ita, Annabi Iliya ya tare sarkin a cikin gonar. A yankin da rikicin ƙasa ya ci rayuka, kuma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, ba sai an yi wa yara dogon bayani ba. Ga Yahaya Mai Baftisma, wanda ya gaya wa masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka yanka, ya gaya wa sojoji su daina ƙwace su gamsu da albashinsu. Duk yaron da ya taɓa shiga mota daga Kafanchan zuwa Kaduna ya ƙirga shingaye ya san inda maganar ta dosa. Ga Nehemiya, gwamnan da ya yi shekara 12 bai karɓi abincin da aka ware wa ofishinsa ba saboda talakawa na cikin wahala.

Ko maganar kuɗin Kaisar, wadda kowa ya haddace, tana da kaifi biyu. Yesu ya yarda a biya haraji, abin da sashe na 24 ya lissafa cikin nauyin ɗan ƙasa. Amma ya kuma shata wa Kaisar iyaka, akwai abin da ba nasa ba.

Cocin Katolika ta fi sauran tsara wannan fanni. Tana da koyarwa a rubuce kan zamantakewa tun daga wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891 kan haƙƙin ma'aikata, kuma kusan kowace dayosis tana da hukumar adalci da zaman lafiya ta JDPC, wadda ke sa ido a zaɓe. A shekarun 1990 bishop-bishop ɗinta sun tsara addu'o'i na musamman kan halin ƙuncin ƙasa da cin hanci, ana karanta su a coci. Bishop Matthew Kukah, wanda ya yi mamba a kwamitin Oputa kuma yake cikin jagororin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami, daga wannan tarbiyya ya fito. Ko kana son maganarsa ko ba ka so, ba za ka ce bai san kundin mulki ba.

Inda darasin ke karkacewa

Matsala tana farawa ne ranar da darasi ya tashi daga tambayar me mai mulki ya yi, ya koma wane ne shi kuma ina yake ibada.

Gabanin zaɓen 2023, musamman bayan jam'iyyar APC ta tsayar da Musulmi biyu, coci-coci sun yi gangamin yankar katin zaɓe irin wanda ba a saba gani ba. Tura matasa su yi rajista aikin kirki ne. Amma idan saƙon da yaro ya kwasa shi ne ƙuri'a makami ce ta kare namu, to an koya masa ƙidayar kawuna kawai. Irin wannan saƙo an ji shi a wasu mumbarin masallatai ma, kuma illarsa ɗaya ce.

Malami mai gaskiya yana da misalan da za su warkar da yara daga wannan, in ya yarda ya kawo su. Rabaran Jolly Nyame fasto ne, ya mulki Taraba, kuma a 2018 kotu ta ɗaure shi kan almundahanar kuɗin jiha. A shekarar ce aka ɗaure Joshua Dariye na Filato. A 2022 aka yi musu afuwa. Kuɗin da aka ce sun salwanta na jama'a ne, ciki har da mabiya coci. Akwai kuma batun Rabaran Fada Hyacinth Alia, wanda bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga aikin limanci a 2022 saboda ya shiga takara, tunda dokar cocin Katolika ta hana limamai riƙe muƙamin mulki, amma ya ci zaɓen gwamnan Binuwai. Wannan kaɗai ya isa muhawarar awa guda a aji: me ya sa coci da kanta ta gindaya wannan shinge? Me ya haɗa shi da sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma?

Ba adalci ba ne a yi kamar koken Kiristocin Arewa ƙirƙira ce. CAN ta daɗe tana ƙorafin wahalar samun filin gina coci a wasu jihohi, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Hausawa Kiristoci na Kano da Katsina da Jigawa suna da nasu labarin. Malamin da ke tsaye gaban yaran da aka ƙona ƙauyensu, yana karanta musu cewa tsaro ne babban aikin gwamnati, ya san irin kallon da za su yi masa. 'Yan matan Chibok da aka sace a 2014 akasarinsu 'yan cocin EYN ne. Leah Sharibu ta Dapchi ba ta dawo tare da sauran ba a 2018. A Yulin 2021 an kwashe ɗalibai sama da 100 daga sakandaren Bethel Baptist a Kaduna.

Abin dubawa shi ne ko malamin zai tsaya a nan, ko zai ƙarasa lissafin: Ƙanƙara a Disamban 2020, Jangebe a Fabrairun 2021, yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar, Kuriga a Maris ɗin 2024. Idan ya tsaya, yara za su fita da cewa ana farautarsu ne su kaɗai. Idan ya ƙarasa, za su ga gwamnatin da ta kasa kare yaran kowa, kuma za su gane cewa ɗan Islamiyyar Tegina abokin ƙara ne. Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kai bauta Babila cewa su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, domin nasu a ciki yake. Birnin kuwa ba na masu addininsu ba ne.

Yaran Musulmi da ke cikin ajin

Wani abin da ake mantawa shi ne makarantun mishan da yawa a Kaduna da Jos da Yola da Minna suna da ɗalibai Musulmi, waɗanda iyayensu suka kai su saboda ingancin karatu. Sashe na 38 da ya ba coci 'yancin koyar da 'ya'yanta, shi ne kuma ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa. Rikicin hijabi na jihar Kwara a 2021, wanda ya sa aka rufe makarantu 10 da mishan suka kafa amma gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, ya nuna yadda iyakar ke da santsi. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas.

Don haka malamin da ke kawo Nabot da Nehemiya cikin ajin Sibik yana bukatar ya san wa ke zaune a gabansa. Zai iya barin yarinya Musulma ta kawo labarin Halifa Umar da yadda talaka ke tsayar da shi ya tambaye shi. Zai iya ba su labarin Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Ko na Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwa, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare a Kaduna.

A watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja. An dawo da tarihin Najeriya a matsayin darasin dole daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma an haɗe Sibik da tarihi da nazarin zamantakewa wuri guda. Ma'ana malamin da a da yake iya fakewa da rassan gwamnati uku, yanzu sai ya tsaya gaban aji ya yi bayanin jihadin 1804, da rangadin musuluntarwa na Sardauna a shekarun 1960, da Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992. Kowane yaro a ajin ya riga ya ji waɗannan labarai a gida, kuma ba iri ɗaya aka ba su ba.